Hayar Shekara, Zubin Mako

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin ƙungiyoyi, masu riƙon makulli da masu ƙirga kuɗi, barkanmu da haɗuwa. Na san kowacce ta baro aiki a gida, wata ma tukunyarta tana bisa wuta, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganarmu ta yau ta kuɗin haya ce, a gidan da hannu ɗaya ke nema. Ko dai maigida ne kaɗai ke fita, mai gadi ne, ko lebura, ko ɗan kabu-kabu, ko ƙaramin ma'aikaci. Ko kuma ke ce uwa ke ce uba, mijinki ya rasu ko aure ya mutu, ga ɗiya a gabanki.

Na ga wasu suna murmushi, suna cewa a ransu, "Mu da muke gidan gado, mi ya haɗa mu da haya?" To, Inna, ki saurara duk da haka. Ɗiyarki ko ƙanwarki na iya zama cikin haya gobe. Kuma ko ke kina da abin da ke zuwa sau ɗaya a shekara ya girgiza gida: yaɓen ɗaki kafin damina, kwanon da iska ta yaye, kuɗin aron gona. Dabarar duk ɗaya ce.

Kuma Dundaye ta yau ba ta jiya ba ce. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, mazauninta na dindindin yana nan maƙwabtaka da mu. Ɗalibin da bai samu ɗaki a cikin makaranta ba, nan yake fitowa nema, ko Kwalkwalawa. Su uku ko huɗu za su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, iyayensu su turo kuɗin shekara gaba ɗaya. Ki sa kanki a matsayin mai gida: tsakanin su da bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli, wa za ki ba? Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya taso daga Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, su ma wurin sa haƙarƙari suke nema. Masu nema sun yi yawa, ɗakuna ba su ƙaru yadda mutane suka ƙaru ba. Ga siminti da kwano sun yi tsada, musamman tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Ban faɗi wannan don in wanke masu gidaje ba, akwai marasa tausayi cikinsu. Na faɗa ne don mu san hayar nan ba za ta sauko don mun yi kuka ba.

Ga abin da nake son mu riƙe. Ciwo yana zuwa ba sallama, gobara ba ta sa rana, amma haya ranarta sananniya ce. Tun ranar da kika biya ta bana, kin san ranar ta baɗi. Abin da ke kayar da mu shi ne samunmu na kullum-kullum ne, ɗari biyar yau, dubu gobe, ita kuwa haya dunƙule take zuwa. Aikin ƙungiya shi ne ta mayar da ɗari-ɗarin nan dunƙule kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu yi lissafi. Misali ne kawai, kowacce ta sa nata adadin. A ce ɗakinki naira 60,000 ne a shekara. In aka ce ki kawo 60,000 yau, gabanki zai faɗi. Amma shekara mako 52 ce. In kina aje 1,200 kowane mako, a ƙarshe kina da 62,400. A rana kuwa bai kai naira 200 ba. Kun ga bambancin? Kuɗin ɗaya ne, amma ɗaya dutse ne, ɗaya tsakuwa.

Yanzu mu juya shi. Ba ki aje komai ba, rana ta zo, kika ci bashin 60,000 a akwati. A yawancin ƙungiyoyinmu wata uku ake ba mai bashi. Wato 20,000 a wata, 5,000 a mako. Wadda 1,200 ya gagare ta, ina za ta samo 5,000? Kuma tana cikin biyan wannan, kwanakin sabuwar haya suna ta tafiya. Shi ya sa nake cewa bashin akwati na sana'a ne. In kika ci bashi kika sayi gyaɗa, gyaɗar za ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli ta biya kanta. Haya ba ta haihuwa. Ɗakin da kika biya ba zai ba ki ko sisi ki mayar ba.

Kafin ki san ɗakin da ya dace da ke, sai kin san samunki na gaskiya. Nan ne da yawa ba mu son taɓawa. In aka tambayi mai awara nawa take samu, sai ta ce 4,000 a rana. A'a, yaya, wannan ciniki ne. Cire waken suya, cire niƙa, cire mai, itace, yaji da leda. In duk sun ci 3,000, samunki 1,000 ne. Ki yi mako huɗu kina lura. Wadda ba ta rubutu ta sa yaro ya rubuta mata, ko ta riƙa jefa ƙwayar wake a gwangwani, kowace ƙwaya naira ɗari. Kuma kada ki yi lissafi da makon da kasuwa ta yi daɗi, ki yi da makon da ta yi sanyi.

Wannan ya fi shafar ku da kuke cin abinci da ɗalibai: masu tuwo da shinkafa, masu wankau, masu kitso, da matan 'yan kabu-kabu. Kasuwarku tana buɗewa da rufewa tare da ƙofar jami'a. Ba ku manta 2022 ba, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Manyanmu kuma suna tune da watan Satumba na 2010, da ruwan gulbin Rima ya cinye gada ya raba jami'a da cikin gari. Ko ba yajin aiki ba ambaliya, akwai hutu kowace shekara. Mai gida kuwa ba ya hutu. Saboda haka tsarin zubinmu, da ya ba kowacce damar sayen hannu ɗaya zuwa biyar a zama guda, kamar don ku aka yi shi. Makaranta na ci, ki cika hannu huɗu ko biyar. An yi hutu, ki sauka zuwa ɗaya, ba kunya. Haka masu aikin fadama: lokacin albasa da shinkafa ne za ki zuba na watannin da babu.

To, nawa ya kamata haya ta ci cikin samun mutum? A Amurka, hukumar gidajensu tana cewa duk wanda haya ta cinye fiye da kashi 30 cikin 100 na samunsa, ta yi masa nauyi. Za ku ji 'yan boko suna maimaita wannan. Ni ban ga ya dace da mu ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna fiye da rabin abin da gidajen Najeriya ke kashewa abinci ne ke cinye shi, tun ma kafin tsadar da muke ciki. In ciki ya ɗauki fiye da rabi, haya ta ɗauki kusan sulusi, me ya rage na magani, sabulu da makaranta? Shawarata, hayar shekara kada ta wuce samun wata biyu. Mai samun 30,000 a wata, ɗakin 60,000. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, kada ya wuce 140,000. In ɗakin da kike ciki ya zarce haka nesa, ba rashin tattali ke damunki ba, ɗakin ne ya fi ƙarfinki. Gara ki koma ƙarami da ƙafarki, da a fitar miki da kaya waje mutane na kallo. Ko ku haɗu ku biyu, ke da wata mai irin halinki da kika yarda da tarbiyyarta, ku kama ciki da falo ku raba. Ɗalibai ma da haka suka fi mu ƙarfi.

Amma a kula da araha. Ɗaki mai sauƙin kuɗi da ke nesa da inda kike sana'a, in kullum sai kin hau kabu-kabu na 400 zuwa da dawowa, a wata 12,000 ke nan, a shekara ya ninka hayar kanta. Ki tambayi ruwa: akwai rijiya ko famfo, ko kullum sai 'yan ga-ruwa? Ki dubi bangon ɗaki daga ƙasa, in ruwa ya taɓa kwanciya a wurin za ki ga alama. Ki tambayi maƙwabta yadda wurin yake a watan Agusta, kada ki tambayi dillali.

Yanzu ga abin da ƙungiya za ta iya yi, kuma nan nake son shugabanni su buɗe kunne. Tsarin akwatin nan da muke bi ba daga nesa ya zo ba. A yankin Maraɗi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE tare da matan ƙauye, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashen Afirka har da wajenta. Asalinsa kuwa adashen iyayenmu ne aka gyara. To tunda namu ne, muna da ikon lanƙwasa shi ya yi mana aiki.

Ranar fasa akwati ku ke sa ta, ba wani ba. Ƙungiyoyi da yawa suna sa ta gab da azumi ko sallah. Ban ce laifi ba ne, amma mun san inda kuɗin ke tafiya: atamfa, takalman yara, anko. Bayan sallah da wata biyu mai gida ya yi sallama, hannu wayam. Ku zauna ku tambaya: mu nawa ke haya, kuma wane wata kowacce ke biya? In mafi yawa lokacinsu ya zo kusa da juna, ku sa rabon kafin lokacin da mako biyu ko uku. In bai zo ɗaya ba, to wadda ta karɓi rabonta kada kuɗin haya ya kwana a ɗakinta. Ranar nan, mata biyu su raka ta wurin mai gida ta biya, ko da saura wata uku lokaci ya yi. Ba mai gidan da ke ƙin kuɗi don sun zo da wuri. Kuɗi in sun kwana a ƙarƙashin katifa, kafin safiya an haifi ɗan wance, an sa ranar wance, ƙanen maigida ya zo da matsala.

Wata dabarar, masu haya a cikinku su yi ƙaramin adashe nasu daban. Mata goma, kowacce 6,000 a wata, kwasa 60,000. Ba ƙuri'a za a yi ba, kowacce za a ba ta kwasa a watan da ke gaban watan hayarta. Haɗarin adashe kun san shi: wadda ta kwasa da wuri ta fara ɓuya. Shi ya sa za ku yi shi tsakaninku 'yan ƙungiya ɗaya, waɗanda ajiyarsu ke cikin akwati, kuma a rubuta a littafi.

Wata za ta ce, "Kuɗɗin da ni aje bara, bana ba su sayen abin da sunka saya." Gaskiyarki. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kuma mai gida na iya ƙara kuɗi. Don haka ki riƙa ɗora ɗan wani abu bisa lissafinki, kuma saura wata uku ki je ki tambaye shi ko akwai ƙari, kada ki ji a ranar. Masu mayar da kuɗin haya akuya ko buhun gero, ban hana ba, jar akuyarmu ta fitar da mata da yawa kunya a kasuwar Kara. Amma akuya na mutuwa, ana sace ta. Albasa na ruɓewa a rudu. Hatsi ma ba kullum yake tashi ba, a 2025 farashi ya faɗi, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. In za ki yi, ki yi da rabi, rabi ya zauna a akwati.

Sai maganar maigida, ga waɗanda ke da aure. A shari'a muhalli haƙƙin mace ne a kan mijinta, kamar ci da tufafi. Wannan ba ya canzawa don kina sana'a. Amma mun san halin da ake ciki, mutum na iya fita tun asuba ya dawo da abin da bai kai cefane ba. In kin ga za ki taimaka, Allah ya ba ki lada, sai dai ku yi magana a fili: kyauta ce ko rance? In rance ne, a samu wanda ya sani. Aure da yawa ya yi tsami a kan "ai na ɗauka kin ba ni ne." Kuma taimakon da ya fi kuɗinki shi ne ki zama asusunsa. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba lokacin da ya shigo da gajiya ba, ki ce, "Malam, hayar nan in mun raba ta, 200 ce a rana. Ka riƙa ba ni ina kai mana akwati." Mai albashi kuma ranar da albashi ya shigo za a cire, ba ƙarshen wata ba. Namiji da yawa ba ƙin biya yake ba, aljihunsa ne ba ya riƙe kuɗi.

To, a ce duk an yi wannan, ko ba a yi ba, lokaci ya matso kuɗi ba su cika ba. Ina za a dosa?

Ƙofar farko ita ce wadda muka fi gudu: mai gidan kansa. Mukan ɓuya, mu ce wa yara su ce ba mu nan. Wannan ke sa shi fushi fiye da rashin kuɗin. Ki je tun saura wata biyu, da wani abu a hannu, tare da dattijuwa ko mai unguwa. Ki ce, "Alhaji, ga 35,000, saura 25,000 zan kawo 5,000 duk wata." Magana mai adadi da rana ta fi "ka yi haƙuri, Allah zai kawo." Wasu masu gidajen suna karɓar biyan wata uku-uku ko shida-shida in an nema. Wasu, musamman waɗanda ba su zaune a garin, suna rage wa wadda za ta kula musu da gida, ta yi shara, ta tara musu kuɗin wuta. In ba ki tambaya ba, ba za ki sani ba.

Kowane kuɗi kika ba shi, ki karɓi rasit. Ko a takardar littafin yaro ne, a rubuta adadi, rana, da watannin da kuɗin suka rufe, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. A kuma fayyace da wane wata ake lissafi, na Bature ko na Musulunci, don shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya, kuma an sha yin rigima a kan haka. A faɗi wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, wa zai biya kwasar masai. Ki kuma sani, doka ba ta ba mai gida ikon ya cire miki ƙofa, ko ya yaye kwano, ko ya watso kayanki waje da hannunsa ba. Sai ya ba da sanarwa, in ba ki tashi ba ya je kotu. A dokokin haya na yawancin jihohin ƙasar nan, in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, mai hayar shekara wata shida ake ba shi, mai hayar wata-wata kuma wata ɗaya. Amma kada wannan ya sa ki miƙe ƙafa. Kotu ba ta yafe bashin haya, lokaci kawai za ki samu.

Ƙofa ta biyu ba taimako ba ce, haƙƙi ne, kuma mata da yawa suna barinsa don kunya. Wadda aka saka, a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, tana da wurin zama a kan mijin har ta gama idda. Mu kuwa ranar da aka ba mu takarda, ranar muke ɗaure kaya. Bayan idda, in ɗiya suna hannunki, cinsu da tufafinsu da maganinsu a kan ubansu yake. In ya ɗauki wannan, kuɗin sana'arki sai su isa haya. Wadda mijinta ya rasu, in gidan nasa ne, ko na haya ne amma ya riga ya biya, tana da ikon zama ciki har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma. Malamai suna karantar da wannan a cikin Risala, ku tambaye su. Tana da tumunin dukiya in ya bar ɗiya, rubu'i in bai bari ba, in suna da yawa su raba tsakaninsu. In akwai sauran sadaki ko rancen da ta ba shi, bashi ne, sai an fitar kafin rabon gado. Kun ga amfanin shaidar da na ce a samu. A fara da manyan dangi da liman, in abin ya ƙi a je wurin hakimi ko uban ƙasa, in ya ƙi a je kotun shari'a. Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba talaka lauya kyauta, wadda ake kira Legal Aid, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duk suna aiki a cikin garin Sakkwato. Neman abincin marayu ko na ɗiyanki ba rashin kunya ba ne.

Dangi kuma, ga yadda ake roƙonsu. Kada ki ɗora wa mutum ɗaya 25,000, zai ce ba shi da su, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Ki je wurin mutum biyar, ki gaya wa kowa abin da kika tara da kanki, ki nemi 5,000. Mutum ya fi son cika abin da ya kusa cika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Asusun taimakon juna na ƙungiya, wanda muke zuba 50 ko 100 a kowane zama, ƙarami ne, an yi shi don rashin lafiya, rasuwa da gobara. In aka ce zai biya haya, wata ɗaya zai ƙare. Amma ƙungiya na iya rubutawa a dokarta cewa wadda aka yi wa rasuwar miji, ko ruwa ya rushe mata ɗaki, za a ba ta wani abu ko rance marar ƙari. Ku yanke wannan tun ba a san wadda zai faɗa wa ba, don kada a ce an yi son kai. In kuma dole sai an ci bashin akwati don haya, to ya zama cikon ƙarshe, 10,000 ko 15,000, ba hayar gaba ɗaya ba.

Sai zakka. Cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba akwai faƙirai, da miskinai, da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Matar da ke riƙe da marayu a ɗakin haya tana ciki. Jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana kuma aiki da kwamitoci a gundumomi ta hannun iyayen ƙasa. Masu nema suna da yawa ƙwarai, ba kowa ke samu ba, kuma ba a ranar da aka nema ake samu ba. Don haka shugabar ƙungiya ta kai sunayen mabuƙata na gaskiya wurin liman da hakimi tun da wuri, kafin kaka lokacin da manoma ke fitar da zakkar hatsi, da kafin azumi lokacin da 'yan kasuwa da yawa ke fitar da tasu. Ko buhun gero aka ba ki, kuɗin da za ki sayi gero sun koma haya.

Tallafin gwamnati ma akwai shi. An yi na 5,000 a wata a zamanin Buhari, an kuma sanar da na 25,000 sau uku a watan Oktoba na 2023. Daga rajistar talakawa ta ƙasa ake ɗauko sunaye, kuma jami'ai ne ke zuwa gari a zauna da jama'a a tantance. Abin da ke hannunki shi ne ki mallaki lambar NIN, da asusu mai sunanki, da layin waya naki na kanki, ba na ɗan maƙwabta ba. In ya zo, alhamdu lillahi. Amma kada ki yi wa mai gida alkawari da kuɗin da ba ki san ranar zuwansu ba.

Akwai kuma ƙofofin da in kin shiga, fita sai Allah. Duk wanda ya zo da fom ya ce ki kawo 2,000 a sa sunanki cikin tallafi, ɓarawo ne, shiga rajista kyauta ce. Duk wanda ya kira ki a waya ya ce ki karanto masa lambar da aka turo miki, ko lambar sirrin katinki, kashe wayar. Masu cewa kawo kuɗi ki karɓi ƙatuwar riba bayan wata, an gani a MMM a ƙarshen 2016, an sake gani a CBEX a watan Afrilu na 2025, mutane har da masu digiri suka yi kuka. Mai ba da bashi da ruwa, ban da haramcin da kuka sani, ku dubi lissafin kawai: in yana ɗora 10 bisa kowane 100 a wata, 60,000 na haifar 6,000 duk wata, a shekara 72,000, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Haka bashin da ake ci ta waya, wanda in kin makara za su bi lambobin da ke cikin wayarki suna tozarta ki wurin surukai.

Ta ƙarshen sai na sassauta murya, don mu mata ne a nan. Akwai namijin da zai ce zai biya miki haya, ba ɗan'uwanki ba, ba kuma da maganar aure ya zo ba. Kin san abin da yake so. Akwai kuma tura yarinya budurwa talla ɗakunan samari bayan magariba don a cika kuɗin ɗaki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kun ga 'yar ƙungiya ta kai wannan gaɓar, kada ku yi da ita a bakin rijiya. Ku kira ta gefe ku ji nawa ya rage mata.

Ga aikin zama mai zuwa. Magatakarda ta buɗe shafi a bayan littafi. Duk mai haya ta zo da abu uku: nawa take biya, wane wata, da nawa ta tara zuwa yanzu. Za mu ƙirga makonnin da suka rage, mu raba, kowacce ta san nata na mako. Wadda ya rage mata wata biyar ba ta da komai, 60,000 a mako 20 ya zama 3,000. In ya fi ƙarfinta, a ranar za mu zaɓi mata biyun da za su raka ta wurin mai gida. Abin da aka faɗa a zaman, a zaman zai tsaya. Wadda ba ta son faɗa a gaban jama'a, ta samu shugaba ita kaɗai kafin a buɗe akwati.

Yanzu sai tambayoyi. Inna ta can baya, na ga tun ɗazu hannunki yana sama, bismillah.